Zaɓen Masauki a Bakin Bahar Rum

Duk wanda ya taɓa zuwa Kano sayen atamfa ko shadda ya san Titin Ibrahim Taiwo, domin shi ne ya bi ta Fagge ya shafi bakin Kantin Kwari, ga Sabon Gari kuma nan kusa. Sunan da ya ke ɗauke da shi na wani soja ne, Kanar Ibrahim Taiwo, Gwamnan Jihar Kwara, wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu, 1976, cikin tawayen da ya ci ran Janar Murtala Muhammed. Amma unguwar ta girmi sunan da nisa. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, mutanen Siriya da na Labanan suka yi ta zuwa, aka yanka musu filaye a kudancin Fagge, suka gina kantuna suka zauna da iyalinsu. Su ne Hausawa ke kira Kwara. Kada mai karatu ya haɗa su da waccan jiha da Kanar ya yi mulki, suna ne kawai ya zo ɗaya. Har yanzu akwai titi a Kano mai sunan Beirut, babban birninsu, da wani mai sunan ƙasar tasu.

Kafin Kwara ma akwai waɗansu baƙi daga bakin wannan teku da Larabawa ke kira Bahar Rum. Larabawan Tarabulus da na Gadamus sun daɗe a cikin birni, unguwarsu ita ce Dandalin Turawa, gama a da su a ke kira Turawa, kafin Nasara su zo su karɓe sunan. Su kan biyo ayari ta Gat da Agadas da Damagaram, tafiyar watanni, su kawo alharini da takarda da turare, su koma da jemammun fatu da gashin jimina da haure. Barth, Bajamushen nan da ya taso daga Tarabulus ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rine a Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus ɗin kanta. Gurasa da alkaki da mu ke tinƙaho da su yau, an ce daga gidajen Larabawan nan suka fito.

Watau sau biyu ke nan mutanen bakin Bahar Rum suka zaɓi Kano ta zama gidansu. Yau kuwa ruwa ya juya. In ka zauna a bakin kanti da la'asar ka kasa kunne, za ka ji samari da magidanta suna lissafin ƙasashen can kamar masu zaɓen yadi: wannan ya ce Turkiyya, wannan ya ce Italiya, wancan ya ce ai Libiya ta fi kusa. Ni ma ina cikinsu, ko da ya ke furfura ta cika mini gemu, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda na auna abin, ko wani ya amfana.

Shekara talatin da ɗaya ina auna yadi a wannan titi. Ban yi arzikin a zo a gani ba, ban kuwa taɓa kwana da yunwa ba. Ina da rumfa, ina da gidan gado a Fagge, da mata ɗaya da 'ya'ya uku da ba su gama makaranta ba, ga mahaifiyata kuma Allah ya ja kwananta. Abin da ya ɗaga ni shi ne fuka. Da zarar hunturu ya kama, hazo ya rufe gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai numfashi ya zama mini aiki. A hunturun bara sau uku ana ɗaukata da tsakar dare zuwa asibiti. Likita ya ce mini, “Alhaji, magani zai rage, amma ƙura da hayaƙin nan ba su da magani. In kana da hali, ka nemi inda iska ke zuwa daga teku, kuma inda ba a tsananin sanyi.” Na ce to, ga Ikko nan. Ya ce ana iyawa, amma laimarta da hayaƙin motocinta ba lalle su yi mini daɗi ba. Daga nan zuciyata ta fara hangen arewa.

Abu na farko da ya kamata Bakano ya sani shi ne, in ka ji an ce ƙasashen Bahar Rum ƙasashen ɗumi ne, to, ka tambaya wa ya faɗa. Mutumin Ingila ne ko na Jamus, wanda ƙanƙara ke rufe masa ƙofa, shi ya ke tattara kuɗin fanshonsa ya tafi Sifen ko Girka ya shanya jiki a rana, ya ce ya sami ɗumi. Ɗuminsa sanyinmu ne. A watan Janairu, a Tarabulus ko Iskandariyya, zafin rana ba ya wuce kamar digiri 18 a ma'auni, da dare ya sauko kamar 9. A Atina, babban birnin Girka, ya fi haka sanyi. A Santambul har dusar ƙanƙara ta kan zuba. Mu kuwa da ke ɗora rigar sanyi a kan babbar riga in ma'auni ya nuna 13 da asuba, mu san cewa da hantsi rana za ta gasa mu, can ba haka ba ne. Shekararsu a juye ta ke da tamu. Mu ruwanmu da zafi ya ke zuwa, sanyinmu busasshe. Su kuwa ruwansu da sanyi ya ke zuwa, bazararsu ita ce busasshiya. Sanyi mai tafe da ruwa da iska yana ratsa bango, ya shiga katifa, ya kwana a gwiwa. Gidaje da yawa a can an gina su ne domin korar zafi, ba a sa musu abin ɗumama ɗaki ba.

Bazarar tasu kuma ba wasa ba ce. A watan Agusta na 2021 an auna digiri 48.8 a tsibirin Sisili na Italiya, zafin da ko a watan Afrilu ba mu saba gani a Kano ba. Sa'an nan ga tsawon yini. In azumi ya faɗo da bazararsu, kamar yadda ya yi a 2015 da 2016, mutumin Tunis ya kan kame baki sama da awa 16, alhali mu a nan ba mu cika haura 14 ba. Wannan ba abin tsoro ba ne, amma mai ciwo da tsoho su sa shi cikin lissafi.

Da na gama da iska sai na koma kan takarda, nan kuwa rabin ƙasashen suka zube da kansu. Bizar shiga ƙasashen Turai da suka haɗa iyaka ba ta ba ka ikon zama sai kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuɗin nemanta Yuro 90 tun daga Yuni 2024, in an hana ka kuma ba a mayar maka da ko anini. Mai son zama a Sifen ba tare da yin aiki ba sai ya nuna yana da abin da ya kai Yuro 2,400 kowane wata, ban da na iyali. A da su kan ba da izinin zama ga wanda ya sayi gida mai tsada, amma sun rufe wannan ƙofa a watan Afrilu na 2025. Girka ta ɗaga nata farashi a 2024, har a manyan wurare sai gidan Yuro 800,000. Turkiyya tun 2022 sai ka sayi gidan Dala 400,000 kafin ta ba ka fasfonta. Ni kuwa Naira na ke samu, wadda kafin Yuni 2023 ba ta kai 500 a kan Dala ɗaya ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Na ɗauki alƙalami na haɗa rumfa da gida da kayan da ke cikin sito, na juya su zuwa Yuro, na ajiye alƙalamin. Ba don irina aka yi waɗannan dokoki ba.

Akwai wata hanya da ba ta neman takarda, samarin titin nan sun san ta sarai, ita ce tsohuwar hanyar ayari. Mota ce yanzu a maimakon raƙumi, daga Agadas zuwa Sabha, daga Sabha zuwa bakin teku, sa'an nan jirgin roba. A 2016 'yan Nijeriya fiye da 37,000 suka sauka Italiya ta ruwa, a wannan shekara kuma mutum fiye da 5,000 na ƙasashe dabam dabam suka halaka a tekun. Ran 3 ga Oktoba, 2013, jirgi ɗaya ya nutse kusa da tsibirin Lamfedusa da rai fiye da 360. Ban kawo wannan don ina tsammanin dattijo mai fuka zai hau bayan akori-kura ya ratsa Sahara ba. Na kawo shi domin yara biyu da suka yi mini dako a rumfa sun bi ta nan. Ɗaya ya dawo cikin jirgin da aka kwaso mutane daga Tarabulus, ya rame har uwarsa ba ta gane shi ba sai da ya yi magana. Ɗayan yau shekara shida ba wanda ya ji ɗuriyarsa, matarsa tana nan, ba ta san ko takaba za ta yi ba ko jira.

Abin baƙin ciki, Libiya ita ce ta fi cancanta da Bahaushe in da zaman lafiya. Mazhabarmu ɗaya, Malikiyya. Akwai Hausawa zaunannu a can tun zamanin ayari, waɗansu 'ya'yan fatake, da yawa kuwa jikokin waɗanda aka kora cikin sarƙa aka sayar, gaskiya ce ba ta ɓoyuwa. Wani Bature, Tremearne, ya iske su a Tarabulus da Tunis suna bori da Hausa, har ya buga littafi a kansu a 1914. Zamanin Gaddafi dubban mutanenmu sun yi gini da ɗinki da gadi a can, sun aiko da kuɗi an gina gidaje a Fagge da Kurna. Amma tun da aka kashe shi a 2011 ƙasar ta dare, kowane gari da masu bindigarsa, a 2017 kuma duniya ta ga hoton yadda a ke gwanjon baƙaƙen fata kamar awaki. Ba na kai 'ya'yana mata inda ba a san wanda za a kai wa ƙara ba.

Tunis ta daɗe tana ba ni sha'awa, domin Risalar da muka karanta a zaure muna yara, mawallafinta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ne, can cikin ƙasar. Ita ce kuma ta haramta bauta tun 1846. Sai dai a Fabrairu 2023 shugabanta, Ƙais Sa'id, ya yi jawabi mai zafi a kan baƙi daga kudancin Sahara, bayansa aka yi ta korar mutane daga gidajen haya, a watan Yuli kuma aka kwashe waɗansu daga birnin Safakis aka zubar a bakin hamada. Aljeriya, ƙasar Shaihu Magili wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta yi shekaru tana kwasar baƙi a manyan motoci tana saukewa kusa da Asamaka, a iyakar Nijar. Mai takarda cikakkiya zai ce wannan bai shafe shi ba. To, amma ɗan sandan da ya tare ka a hanya fatarka ya ke fara gani kafin fasfonka.

Maroko na daɗe ina juya ta a zuci. Na taɓa zuwa Fas ziyarar Shaihu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815, na ji limaminsu yana karatu da Warshu kamar a masallacin unguwarmu, har na ji hawaye. Gwamnatinsu ta taɓa ba dubban baƙi takardar zama a 2014, ta kuma sake daga ƙarshen 2016. Amma Fas ba a bakin teku ta ke ba, sanyinta kuwa mai cizo ne. Tanja da Tiɗwan da ke kusa da ruwa suna da iska da ruwan sama mai yawa. Sa'an nan makarantu da ofisoshi rabinsu Faransanci ne, Larabcin kasuwarsu kuma sai ka rantse ba Larabci ba ne. Ga wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ya yi boko da Faransanci, Maroko ita ce zan nuna masa. 'Ya'yana kuwa sai su koma aji ɗaya.

Ana cikin wannan sai na je wajen wani dattijon Kwara, maƙwabcina a kasuwa, wanda a Kano aka haife shi, Hausarsa kuma ta fi ta waɗansu 'yan birni. Na tambaye shi labarin ƙasarsu. Ya yi dariya ya ce, “Alhaji, duwatsunmu da tekunmu ba su da na biyu. Amma mun sha yaƙi daga 1975 har 1990, a 2019 bankuna suka riƙe wa mutane kuɗinsu, a 2020 tashar jiragen ruwa ta Beirut ta fashe. Ni da na ke da gidan kaka a can, ga ni a nan.” Na ce, to yaya kakansa ya yi ya zaɓi Kano? Ya ce, “Bai zaɓi Kano ba, ɗan garinsu ya zaɓa. Ya ji akwai wani nasu a nan mai kanti, ya zo ya kwana a bayan kantin shekara biyu yana koyon Hausa da awon gyaɗa, kafin ya aika a kawo masa mata. Kai wa ka ke da shi a can?”

Wannan tambaya ita ta gyara mini lissafi. Kakanninmu fatake ba su taɓa shiga gari ba sai sun san fatomansu, mai saukar da su, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu gaban alƙali. Haka aka yi a Salaga, haka a Kumasi, haka a zangon Ibadan. Baƙo ko yana da ido makaho ne. Da na duba ta wannan fuska sai Turkiyya ta fita, domin ko da ya ke 'yan kasuwarmu suna zuwa Santambul saro kaya, zuwa su ke yi su dawo, harshen kuma ba mu da ko harafinsa. Arewacin tsibirin Kubrus kuwa, inda dillalan makarantu ke tura yaranmu, ba ƙasar da ta yarda ƙasa ce sai Turkiyya, a 2020 ma hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye su yi hattara da tura 'ya'yansu can.

Saura Masar. A nan muna da fatoma tun ba yau ba. Sarakunan Kanem sun gina wa ɗalibansu masauki a Alƙahira tun ƙarni na 13, a Azhar kuma, wadda aka fara gininta a 970, an taɓa ware sashen da a ke kira da sunan Barno. Alhazanmu na da da yawa ta can suka bi. Yau ma ɗalibanmu suna nan da yawa, marasa lafiya daga Kano suna zuwa asibitocinsu, akwai Hausawa masu aikin tafinta da masu dafa tuwo. Ƙanen matata shekararsa tara a can, ya gama karatu ya zauna. Larabcin da na koya a zaure ba zai sayo mini tumatir ba ranar farko, amma zai karanta mini takardar haya da ta likita. Akwai kuma makarantun da ke koyarwa da Turanci da Larabci, yara ba za su koma baya ba.

Alƙahira kanta ba ta yi mini ba, hayaƙinta ya fi na Kano. Iskandariyya na ke nufi, wadda ke kwance a bakin teku, kamar kilomita 220 daga babban birnin, tafiyar awa biyu da rabi ko uku a jirgin ƙasa. A can kabarin Busiri ya ke, mai Burda, kusa da masallacin Abul Abbas Mursi. Ba zan yi mata kwalliyar da ba ta da ita ba. Da sanyi akwai guguwar teku mai ruwa da su ke kira nawwa, ta kan yi kwanaki, tituna su cika. Tsofaffin benaye gishirin teku yana cin su, wani lokaci su rushe. Kuɗinsu ya faɗi a watan Maris na 2024, daga kamar Fam 31 a kan Dala zuwa kusan 50, kayan masarufi suka tashi. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023 mutane suka kwararo, haya ta yi tsada. Takardar zama, wadda su ke kira iƙama, sai an yi ta sabuntawa, da layi da jira. Baƙar fata kuma ya kan ji kalmar da ba ta yi masa daɗi ba a hanya, ƙanen matata bai ɓoye mini ba. Aikin albashi kuwa kada ma ka sa rai, 'ya'yansu masu digiri suna zaune. Wanda zai je sai ya san abin da zai ci daga gida ya ke fitowa, ko kuwa ya yi fatauci tsakanin ƙasashen biyu, ya aiko da jallabiya da abaya da littattafai, abin da na ke da niyya ke nan.

Da na tsai da shawara sai na shiga wajen mahaifiyata bayan sallar isha'i, na durƙusa na gaishe ta, na kwashe duka na gaya mata. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, “Ɗan nan, numfashinka ya fi mini ganinka. Amma abu biyu. Gidan nan ubanku ya bar shi, ba a sayar da shi ina raye. Na biyu, in ta Allah ta kasance gare ni, kwana nawa za ka yi kafin ka iso?” Na ce, “Inna, jirgi daga Alƙahira zuwa Kano bai fi awa biyar ba.” Ta ce, “Ba a jiran awa biyar da gawa a garin nan, ka sani.” Na ce na sani. Ta ce, “To, ka je ka gwada. Kada ka kwashe mini jikoki tukuna.”

A kan haka muka tsaya. Ba zan sayar da gida ba, rumfa kuma na damƙa wa babban yarona, mu riƙa yin lissafi ta waya kowace Juma'a. Zan tashi a farkon Nuwamba, kafin hazo ya sauko, ni kaɗai, in kama ɗaki na wata huɗu kusa da ƙanen matata, wanda ya yarda ya dawo Iskandariyya mu zauna tare. Na zaɓi watannin sanyi da gangan, domin in ga garin a lokacin da ya fi muni, in ji ko ƙirjina zai ɗauki laimar tekun, gama likita ya ce akwai masu fukar da laima ke tayar musu kamar yadda ƙura ke tayar mini. Zan riƙa rubuta kowane dare da na tashi neman abin shaƙa, da kowane Fam da na kashe, in kawo wa likita da uwargida su duba a watan Maris. In lissafin ya yi kyau, yara su gama zangon karatunsu, mu nemi iƙama ta hanyar makaranta. In bai yi ba, na ji an ce iskar Kalaba ma daga teku ta ke zuwa, can kuwa ba mai tambayata fasfo.